Wa Ke Shata Layi Kafin a Busa Usur?

Duk shekara, da zarar 'yan ND 2 sun ajiye biron jarrabawar ƙarshe, sai ka ga an bazama cikin gari da takardar neman wurin IT a cikin ambulan. Wannan ya nufi banki, wancan sakatariyar jiha, wata gidan rediyo, mai kawu a Abuja kuma ya haɗa jaka. Akwai kuma kason da kowa ya sani amma ba a cika faɗa ba, wato masu neman wani ofishi a buga masu hatimi a sa hannu, su koma shagon cajin waya ko rumfar kasuwa, bayan shekara su dawo da takardar shaida fes kamar sun yi. Ban zo yi wa kowa wa'azi ba, halin da ake ciki kowa ya san shi. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani wuri guda da kusan ba mai rubuta sunansa a takardar nan, alhali ga shi a bakin ƙofarmu: ofishin wasanni.

Ni can nake yin tawa shekarar. Na gama ND a fannin gudanar da kasuwanci a nan makarantar, yanzu wata na takwas ke nan ina sashen wasanni na wata babbar makaranta a jihar nan. Ba tamu ba ce, kuma ba zan kama suna ba, don cikin abin da zan faɗa akwai wanda ba yabo ba ne, ga shi ban karɓi takardar sallama ba tukuna. Ra'ayina dai shi ne, shekara guda a ofishin wasanni tana koya wa mutum aiki fiye da shekara a yawancin ofisoshin da muke rububi, muddin an ɗauke shi a matsayin mai koyon aiki, ba yaron aike ba. Kuma ƙungiyar ɗalibai tana da abin yi a nan, fiye da sayen kofi da kiran mai ɗaukar hoto.

Ranar da na faɗa a gida, kawuna ya dube ni ya ce, "To kai yanzu duk kuɗin makarantar nan da aka biya, ƙwallo za ka je bugawa?" Na ce mashi, "Kawu, wallahi ko taɓa ta ba na yi sai in zan ba ta iska." Gaskiya na faɗa. A wata takwas ɗin nan ban buga wasa ko ɗaya ba. Mutane na ganin 'yan wasa 22 da alƙalin wasa, sai su ɗauka shi ke nan harkar. Ba a tambayar wa ya shata layi, wa ya ɗaura raga, wa ya tsara wa zai kara da wa, wa ya bi takardar kuɗin ruwan leda ofis-ofis har ta fito.

Aikinmu yana farawa kafin rana ta buɗe ido, musamman da bazara, lokacin da zafin Katsina kan kai maki 40 har ya ɗara. 'Yan wasa suna atisaye bayan sallar asuba, don haka kafin bakwai ina fili da makullin sito. Akwai wani dattijo mai gyaran fili, kowa Baba yake ce mashi, ya fara aikin nan tun ba a haife ni ba. Shi ne malamina na farko a wurin, ko da yake sunansa ba ya cikin masu sa mani hannu a littafin rahoto. Ranar da za a yi wasa, mu biyu muke jan igiya muna zuba farar ƙasa. Filin manyan wasanni mita 105 ne a tsaye, 68 a kwance, namu bai kai ba, amma ma'aunin ciki ba ya canjawa: ɗigon fanareti mita 11 daga layin gola, da'irar tsakiya mita 9.15 daga ɗigon tsakiya, babban gidan gola mita 16.5. Idan za a fitar da kusurwa, Baba yakan auna mita 3 a wannan gefe, 4 a wancan, in tsakaninsu bai ba da 5 ba sai ya ce a sake. Bai taɓa shiga ajin lissafi ba, amma abin da ake koya wa 'yan injiniyan gine-gine a allo shi yake yi da igiya da turke. Ya taɓa ce mani, "Ɗana, jawo igiyar nan, ka ga ta karkace. Layi in ya karkace da safe rigima ka shuka, da la'asar za ka girbe ta."

Daga fili sai sito. Nan ne na fara ganin amfanin darasin ajiye lissafin kaya da muka yi muna hamma a aji. Littafin da na tarar ya ce akwai ƙwallo 20. Da na ƙirga, 7 na gani, 3 daga ciki sun sace. Jesi kuwa, saiti guda ba ya cika, lamba 10 da lamba 7 sun bi waɗanda suka gama makaranta tun bara waccan. Ba wanda ya fasa ƙofa. Kowa aro ya yi, aron da ba a rubuta ba. Na nemi izinin shugaban sashe na buɗe rajista: duk mai ɗaukar kaya ya rubuta suna da lambar rajista, ya ajiye katin shaidarsa, in ya dawo da kaya ya karɓa. Makon farko na sha harara. Wani ya ce mani, "Malam, ni fa kyaftin ne." Na ce, "Kyaftin ɗin ma sa hannu zai yi, ga biro." Daga lokacin zuwa yau ƙwallo ɗaya ta ɓata, ita ma mun san hannun wanda take.

Ku gaya mani, a wane banki za a miƙa wa ɗan IT makullin wani abu? Abokaina da ke can suna gaya mani aikinsu: nuna wa mutane layi, taya tsofaffi cike fom, kai takarda injin kwafi. Ba raini ba ne, aiki ne shi ma. Amma babban ofishi yana da ma'aikata da yawa da sirri da yawa, don haka ɗan koyo a gefe yake tsayawa. Ofishin wasanni kuwa hannu ya yi mashi ƙaranci. Mutum huɗu ko biyar ne ke riƙe da wasannin dubban ɗalibai, dole su sakar maka wani abu. Hukumar ITF da aka kafa a 1971 ta ƙirƙiro shirin SIWES a 1973 ne saboda masu ɗaukar ma'aikata na kukan cewa ɗalibai na fitowa da takarda ba su taɓa riƙe aiki ba. Shekarar da hukumar NBTE ta gindaya tsakanin ND da HND ita ma manufarta ke nan. To in manufar ita ce a riƙe aiki, wurin da za a ba ka ka riƙe shi ya fi cancanta ka nema.

Sai aikin takarda, wanda shi ne rabin rayuwar ofishin. Za a yi gasar sassa, ana buƙatar kuɗin alƙalan wasa, farar ƙasa, ruwa, magani, kofi da lambobin yabo. Ni nake zana kasafin, koci ya duba, shugaban sashe ya sa hannu, takarda ta tafi ofishin kula da harkokin ɗalibai, daga nan ta hau sama, ta sauko wurin masu binciken kuɗi, sannan ofishin biya. Fayil ba ya da ƙafa, in ba ka ɗauke shi ba inda ka ajiye shi nan zai yi sallah. Na koyi wane magatakarda ake gaisarwa da "ranka ya daɗe", wane ne ba a tunkara sai ya sha shayi. Na koyi cewa in gasa za ta fara farkon wata, takarda ta fita tun makonni shida kafin nan, don ba a fafe gora ranar tafiya. In an gama kuma sai ka tattaro rasit na kowace naira, har na mai Napep da ya ɗauko buhunan ruwa, wanda ba ya da rasit sai dai ka rubuta ya dangwala.

Abin da ya fi ba ni daɗi shi ne jadawali, don nan ne kai ke aiki. A ce sassa 16 ne suka yi rajista. Shugabanninsu za su zo su ce kowa ya kara da kowa, kamar yadda suke gani a gasar Ingila. To zauna ka buga: wasa 120 ke nan, ko da karawa ɗaya-ɗaya ce. Fili ɗaya gare mu, kuma lokacin wasa ɗaya ne a yini, daga bayan la'asar zuwa kafin magariba. Kwana 120 ke nan, zangon karatu ya ƙare ba a je ko'ina ba. In ka ce a yi sili-ɗaya-ƙwale, wasa 15 an gama, amma rabin sassan sau ɗaya za su taka fili, waɗanda suka haɗa kuɗi suka ɗinka jesi su ce an cuce su. Matsakaici shi ne rukuni huɗu na ƙungiya huɗu-huɗu: wasa 24 a rukuni, 4 a zagayen 'yan takwas, 2 na kusa da ƙarshe, na neman na uku, da na ƙarshe, jimla 32. A wasa biyar a mako, mako shida da 'yan kwanaki. Daga nan sai ka ɗauko kalanda ka fara cire ranakun gwaji, ka tuna cewa 'yan kimiyya suna ɗakin gwaje-gwaje har yamma a wasu ranaku, ka duba ko azumi zai shigo a tsakiya, ka bar kwana biyu ko uku na ko-ta-kwana saboda hadari. Kuma a jefa ƙuri'ar rukuni a gaban kowa, a bainar jama'a, in ba haka ba har ka bar makarantar ana cewa ka sayar da su.

Akwai kuma yaƙi da sojan gona. Duk wanda ya taɓa kallon gasar sassa ya san zancen. Sai ka ga wani ƙato ya shigo da lamba 9, ƙafarsa kamar turmi, ba wanda ya taɓa ganinsa a lakca, amma an rantse maka ɗan ND 1 ne. Daga wani kulob na unguwa aka ɗauko shi, an yi mashi alkawarin kuɗin mai. Mu dariya muke yi, amma a lissafa wanda aka zalunta: yaron da ya biya kuɗin makaranta, ya yi wata guda yana tashi atisayen asuba, ranar wasa aka zaunar da shi a benci saboda baƙo. Kuma ɗabi'ar ba ta tsayawa a gida. Makarantar da ta saba da haya a gasar cikin gida, in lokacin NIPOGA ya zo, wato gasar kwalejojin kimiyya da fasaha ta ƙasa, ba ta san 'yan wasanta na gaskiya ba. Maganin ba wuya gare shi ba, naci yake so: jerin sunaye daga ofishin rajista, hoto, katin shaida a bakin fili kafin kowane wasa. Ni nake tsayawa da fayil ɗin. An zage ni, an roƙe ni, an ce za a "gan ni" bayan wasa. Wanda ya iya cewa a'a ga abokan karatunsa su goma sha biyar suna huci a kansa, ina ganin zai iya faɗin ta a kowane ofishi aka kai shi gobe.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda saboda shi ne ma na ce sai na yi rubutun nan.

Ranar 12 ga Agusta 1989, Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a babban filin wasa na Surulere a Legas, ana tsakiyar wasan Najeriya da Angola, bai tashi ba. A watan Maris na 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a filin Lafiya, kuma da ƙungiyarmu ta Katsina United ake karawa a ranar. Rahotanni sun ce motar ɗaukar marasa lafiya da ke filin ta ƙi tashi. Ya rasu. A watan Yuni na 2021 kuma duniya ta ga Christian Eriksen na Denmark ya faɗi a Kofanhegan, zuciyarsa ta tsaya. Cikin ɗan lokaci aka fara danna mashi ƙirji, aka sa mashi na'urar farfaɗo da zuciya, ga shi ya tashi har ya koma buga ƙwallo. Rai na Allah ne, kwana in ya ƙare ba likitan da zai ƙara. Amma an umarce mu da riƙon sababi, kuma sababin da aka riƙa wa Eriksen ba 'yan wasa ne suka tanade shi ba. Wasu ne da ba a nuna su a talabijin suka zauna tun kafin ranar suka rubuta wa zai tsaya ina, da me a hannunsa.

To mu koma filayenmu na makaranta. Akwatin taimakon gaggawa da na tarar a inda nake, abin da ke ciki bandeji ɗaya ne da ya sha ƙura, man zafi, da kwalbar aidin da ta bushe. A wasan rukuni wani yaro ya yi karo da gola ya faɗi ba ya motsi. Kafin ka ce kwabo mutum talatin sun rufe shi, wani na kwara mashi ruwa, wani na jan ƙafarsa, wani na ƙoƙarin ɗaga shi zaune, abin da ba a yi wa wanda ake zargin ya bugu a wuya ko a kai. Asibitin makaranta an tashi tun ƙarfe huɗu, direban mota ya tafi gida da makulli. A bayan babur aka fita da shi, mutum ɗaya na tuƙi ɗaya na tallabe. Allah ya sa ya farfaɗo, bayan kwana biyu ya dawo yana dariya. Kowa ya ce alhamdu lillahi, aka ci gaba da gasa. Washegari na rubuta takarda ina neman a riƙa ajiye ma'aikacin jinya da mota a duk ranar wasa. Wata uku ke nan, an ce tana kan tebur.

Ba na jin wannan matsalar makaranta ɗaya ce. Ku tambayi abokanku na sauran makarantu, har da waɗanda muke jere da su a kan hanyar Dutsin-ma. Koyon danna ƙirji da kwantar da wanda ya suma yadda ya kamata ba ya cin yini guda, kuma ƙungiyar agaji ta Red Cross tana koyar da shi. Me zai hana kowane kyaftin, kowane alƙalin wasa na cikin gida, da duk ɗan IT da aka tura sashen wasanni ya samu wannan horo kafin a buga wasan farko? Kuɗin bai kai na kofin da ake ɗagawa a yi hoto ba.

Kada wani ya ɗauka talla nake yi, akwai ɓangaren da ba daɗi. An aike ni sayen ƙosai. An aike ni ɗauko yara daga makarantar islamiyya. Akwai jami'in da har yau bai san sunana ba, "kai ɗan IT" yake ce mani, kuma in ya ga na zauna sai ya tuna motarsa ta yi ƙura. Ba wanda ya ce girmama na gaba laifi ne, mu ba a haka aka rene mu ba, in dattijo ya aike ka ka tafi. Amma in aike ya zama shi ne aikin, to an ci amanar takardar da aka sa wa hannu. Alawus kuwa babu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin Napep ya zama abin da ake yi wa kasafi, kuma aikin wasanni ba ya san Asabar ba, ba ya san an tashi ƙarfe huɗu ba. Ranar wasa sai bayan magariba nake kulle sito. Wanda gidansu ba za a iya ɗaukar mashi kuɗin mota na shekara ba, ba zan ga laifinsa ba in ya nemi inda ake ba da ko dubu goma ce a wata.

Wani zai ce, to bayan nan fa, ina aikin yake? Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan yi maku alkawarin abin da ba ni da shi ba. Nan ba Amurka ba ce, inda filin ƙwallon Jami'ar Michigan kaɗai ke ɗaukar mutum sama da 100,000, inda wanda ya gama digiri zai zauna sashen wasanni yana aiki a ɗauke mashi kuɗin karatun digiri na biyu. Ta hanyar wasannin jami'a ne Hakeem Olajuwon ya tashi daga Legas ya shiga Jami'ar Houston, a 1984 ya zama na farko da aka zaɓa zuwa gasar NBA. Mu ba mu kai can ba, ba ma kusa. Amma ƙofofin ba a rufe suke ruf ba. Akwai Cibiyar Nazarin Wasanni ta Ƙasa a Surulere mai koyar da horarwa da gudanar da wasanni. Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero suna da sashen ilimin motsa jiki. A watan Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta rushe ma'aikatar wasanni ta maido da Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko, ana ta maganar mayar da wasanni harkar kasuwanci. Ko maganar ta tabbata ko ba ta tabbata ba, filin wasa na Muhammadu Dikko, wanda har yau wasu Karkanda suke ce mashi, yana buƙatar masu lissafin tikiti da masu kula da kaya. Makarantun ƙwallo na yara suna ta tsirowa a unguwanni, mafi yawansu ba mai riƙe masu littafi. Masu shirya dambe suna tara jama'ar da wasu kulob ba sa tarawa. Ku leƙa maƙwabtanmu na Maraɗi ku ga yadda Nijar ta ɗauki kokawa ta yi mata gasar ƙasa ta takobi, jihohi na karɓar baƙunci bi da bi, da filaye na musamman da alƙalai da dokoki a rubuce. Wani ne ya zauna ya tsara. In ma duk wannan bai samu ba, wanda ya iya kasafi, ajiye kaya, bin fayil da raba rigima bai yi asarar shekara ba, ko a kamfanin taki aka ɗauke shi.

Abin mamaki ma a ce a Katsina ake raina harkar. Sunan wa makarantarmu take ɗauke da shi? Janar Hassan Usman Katsina, gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, sanannen ɗan wasan ƙwallon dawaki ne, ɗan Sarki Usman Nagogo wanda sunansa ya kai ƙasashen waje a wannan wasa, jikan Sarki Dikko wanda a zamaninsa wasan ya kafu a garin nan. Ba wanda ya taɓa ce masu 'yan tamore.

Akwai wata magana da ba na so in tsallake. A yawancin manyan makarantu, cikin kuɗin rajista akwai kason wasanni, kuma mace da namiji daidai suke biya. Ku duba rasit ɗinku. Amma in aka ce wasanni, ƙwallon ƙafa ta maza ake nufi, 'yan'uwanmu mata nasu tafi ne daga gefe, in ma sun zo. A inda nake, wasu ɗalibai mata sun zo ofis su shida suna tambaya ko za a ba su ragar ƙwallon raga da wani lokaci nasu su kaɗai, a wurin da ke da katanga, da mace mai kula da su. Ba su nemi abin da ya saɓa wa addini ko tarbiyya ba. Shugaban sashe ya amince, muka ba su safiyar Asabar. Yanzu sun fi ashirin, har da masu zuwa don likita ya ce su riƙa motsa jiki. Abin da ya ci mana shi ne raga ɗaya, ƙwallo biyu, da layi ɗaya a jadawali. Da akwai ɗaliba 'yar IT a ofishin, na tabbata da tuni an yi, don ita za su fi sakin jiki su gaya wa.

Shi ya sa nake ganin ƙungiyar ɗalibai ta nemi zama da hukumar makaranta a kan a ware gurabe na 'yan IT da 'yan SIWES a sashen wasanni, maza da mata, kuma daga fannoni daban-daban. Ɗan akanta ya riƙe lissafi, ɗan aikin jarida ya riƙa rubuta sakamako yana ajiyewa, ɗan kwamfuta ya haɗa rajistar 'yan wasa, ɗan gine-gine ya duba magudanar ruwan fili kafin damina. A rubuta wa kowa aikinsa a takarda tun ranar farko, yadda in an ce ya wanke mota zai san alfarma yake yi. A cire masu ɗan kuɗin mota daga kason wasanni. Maganar ajiye sakamako kuwa kada a raina ta. Na tambayi mutum biyar a inda nake wane sashe ya ci kofi shekara huɗu da suka wuce, na samu amsa uku. Kofin yana nan a kan kabad, ba a rubuta komai a jikinsa ba.

Mu ma ɗalibai da namu. Lokacin zaɓen ƙungiya, kujerar daraktan wasanni ita ce wadda ake ba wanda ya fi iya ƙwallo ko ya fi yawan abokai a hostel. Iya ƙwallo daban, iya riƙe ofis daban, kowa ya san gwanin ɗan wasan da ko kuɗin jesin ajinsu ba za a ba shi ajiya ba. Zaɓe na tafe. Daren da 'yan takara za su tsaya gabanmu su karanto alkawura, wanda ke neman wannan kujera zai ce zai kawo gasa mai zafi da kyautar da ba a taɓa gani ba, a yi ta tafi. In an gama tafin, wani ya ɗaga hannu ya tambaye shi nawa ne kason wasanni ya tara bara, kuma a wane allo za a manna lissafin na bana. A tambaye shi wasa nawa sassa 16 za su buga, a ga ko zai iya bugawa a tsaye. A tambaye shi ranar da mata za su samu fili. Sannan a tambaye shi, in yaro ya faɗi ƙarfe biyar da rabi na yammacin Asabar, wa zai fara isa kansa, kuma me aka koya wa mutumin. In ya ce ai akwai mota, a ce mashi makullin yana hannun wa a wannan lokacin, kuma akwai mai a cikinta?